Biran Dutse da Cikin Ɗigo

An ce birai ne. Wa ya ce? An dai ce. Saƙon murya ne ke yawo a wayoyin matan unguwa: wata mata da ba wanda ya san sunanta, tana haki kamar an biyo ta da gudu, tana rantsuwa cewa wani babban likita ya tabbatar. Wai biran nan da ke saukowa daga dutsen bayan unguwa su ne ke ɗauko cutar gudawa suna shafa wa yara. A kan igiyar shanya suke barin ta, a kan murfin tanki, a kan katanga. Duk mai son ɗansa ya tattara ya bar gindin dutsen.

Maman Ɗigo ta sake kunna saƙon, ta ajiye wayar a kan teburin cin abinci, dab da kofin shayin uwar mijinta, Malama.

"Kashe min abin nan," in ji Malama.

"Mama, ki dai ji ƙarshensa."

"Na ji ƙarshensa jiya. Wane likita ne? A wane asibiti? Kashin wane biri ya ɗiba ya duba? Ko biran ne suka je suka yanki kati suka faɗa masa da bakinsu?"

Ɗanta, Baban Ɗigo, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure.

Malama ba ta saba a kawo mata magana tsirara ba shaida ba. A ɗakin gwajin babban asibiti ta ƙarar da ƙuruciyarta, ido a bakin madubin duba ƙwayoyin cuta, tana duba jini da fitsari da bayan gidan mutanen gari, tana kuma koyar da ɗalibai. Ta yi ritaya, sunan Malama ya biyo ta gida. Ita ce ma ta laƙaba wa jikarta Ɗigo, don ranar da aka haife ta, a cewarta, ba ta fi ruwan da ake ɗigawa a kan gilashin awo ba.

To, Ɗigon ce ba lafiya. Tun farkon shekara take fama da gudawa mai kumfa, mai warin da ke korar mutum daga ɗaki. Ciki ya kumbura, hannuwa suka zama tsinke. A ba ta magani ta warware, ta fara cin abinci, ta fara tsiwa, kafin a gama murna abin ya dawo. Da aka yi hutu uwarta ta tafi da ita gidan iyayenta can cikin gari, yarinya ta murmure har kumatu suka fito. Suka dawo, ba a jima ba fo ya sake cika. Lissafin bai yi wa kowa wuya ba: can babu dutse, babu birai, babu gudawa.

"Mama," in ji Baban Ɗigo, bai ɗago ba. "Mun sami gida. Kusa da wurin aikinta ne. Ƙarshen watan nan za mu koma."

"Za ku koma."

"Ɗaki biyu ne, a saman bene, ga kuma gwiwarki. Amma duk ƙarshen mako…"

"Kada ka raina min hankali da ƙarshen mako. Yarinyar da ke kwana a bayana tun da aka yaye ta, wadda ba ta shan lemo sai na ɓare mata da hannuna, ita za ka ɗauke min saboda wata mai haki a waya?"

"Ba saboda waya ba ne," in ji Maman Ɗigo. "Jiya na ɗora ta a sikeli. Mama, ke ba kya ganin wuyanta? Ruwa muna tafasawa. Tsakar gida ma mun hana ta fita. Da likita ya ce kowa a gidan nan ya sha maganin, har mai aikinmu sai da ta sha. Me ya rage? Ki faɗa min, me ya rage in ba su ba?"

"Ya rage a duba." Malama ta miƙe, kujera ta yi ƙara. "Ki bar min kashin yarinyar a cikin fo, kada ki zubar."

A ɗakinta ta jawo aljihun tebur, ta ture tsofaffin tabarau da wani kwalin magani da ba a buɗe ba, ta fito da safar hannu da 'yan robobin awo masu jan murfi. Ɗigo tana kwance a tsakiyar gadon, ta rungume filo a ciki.

"Kaka, ina za ki?"

"Wurin maƙiyanki za ni, ƙawata. In tambaye su gaskiya."

"Ki gaishe min da mai guntun wutsiya."

Hanyar dutsen ba ta da nisa, amma gwiwar Malama ta tsawaita ta. Duk inda ta tsaya ta huta sai ta yi tsaki. A bakin gandun dajin akwai ɗakin mai gadi, na kwano, da benci a gaba. Ta same shi zaune yana sauraron rediyo, a gefensa buhun masara da wani gwangwani mai hoton ƙoƙon kai.

"Malama da kanki? Lafiya?"

"Na mene ne wannan?"

"Na mutanen sama ne." Ya nuna itatuwa da haɓa. "Shugaban unguwa ya kawo. Gobe da sassafe in jiƙa masara a ciki in watsa."

"Kai da aka ɗauka ka tsare su?"

"Itatuwa aka ɗauke ni in tsare, ranki ya daɗe. Ba a ambaci biri ba. Kuma ni ma ina da yara a unguwar nan. Uwarsu ta ce in ban watsa ba in hau itace in kwana da dangina."

"In ruwan sama ya wanke gubar, ina za ta gangara? Ba cikin rafin da yaran naka ke wasa ba?"

Ya sosa ƙeya. "Ai shugaba ya ce an tambayi masana."

"An tambaya! An ce! An tabbatar! Garin nan kaf ba wanda ke da suna sai An. Tashi ka nuna min inda suke kwana. Kuma kada ka buɗe gwangwanin nan sai ka ji daga bakina."

Ba kowane kashi ne ke da amfani ba. Wanda ya bushe ya gama magana. Sai mai ɗumi, wanda ta ga faɗuwarsa da idonta, kuma daga samansa za a ɗiba, inda bai taɓa ƙasa ba. Don haka tsohuwa mai tabarau ta yi ta bin garken birai daga gindin wannan itace zuwa wancan, wuya a ɗage, roba a hannu. Mai gadi yana biye yana danne dariya har ta ƙwace masa.

"Wallahi na ga masu zuwa kallon fuskar biri, Malama. Ban taɓa ganin mai jiran ɗaya gefen ba."

"Rufe min baki ka riƙe jakar."

Babban namijin ya yi hamma ya nuna mata haƙora, sannan ya ba ta abin da ta zo nema kamar mai yin sadaka. Ta samu na wata mai goyo. Ta samu na mai guntun wutsiya, ta ce masa ana gaishe shi, ya mayar mata da jifan ɓawo. Har ta fara rufe jaka sai ta hango wani ƙarami a reshen ƙasa, ramamme, gashin bayansa duk ya ɓaci, ya kasa bin 'yan uwansa. Tana kallo ya tsuga zawo ruwa-ruwa a kan dutse.

In wannan yana ɗauke da irin cutar Ɗigo, shi ke nan, mai haki ta ci, kaya za su hau mota. Mai gadi yana kallon wani wuri. Da ta so, da ta wuce. Ta tsaya tana hararar ɗan birin kamar shi ya yi mata laifi, sannan ta durƙusa, gwiwa tana ƙara, ta cika roba biyu.

A cikin motar shiga gari, matar da ke kusa da ita ta yi ta jan hanci tana duban ƙasan takalminta. Daga baya ta gaji, ta buɗe hira.

"Daga wajen dutse kike, Iya? Allah ya sawwaƙe muku. An ce yara har sun fara mutuwa."

"Su wa?"

"Yaran unguwar."

"Ɗan wa? Wane layi? A unguwar nake tun kafin a ja wuta, ban ji an yi rashin yaro ba. Faɗa min sunan ɗaya in je gaisuwa."

"To ni dai an ce…"

"Ki mayar wa An da maganarsa."

Matar ta juya fuska wajen taga. Kwandasta ya ce wa direba ya ƙara wuta, yau an ɗauko lauya.

Shugaban ɗakin gwajin ɗalibinta ne. Yanzu ya yi tumbi, yana ɗaura laktaye, ma'aikata na ce masa Oga. A wurin Malama har gobe Ɗan Gaggawa ne, yaron da yakan leƙa madubi sau ɗaya ya rubuta babu komai.

"Malama! Ranki ya daɗe! Ina gajiya, ina…"

"Ɗan Gaggawa, ba ni benci da madubi."

Ya waiga ya dubi ma'aikatansa, waɗanda duk suka sunkuyar da kai suna murmushi. Da ya ji abin da ke cikin jakar sai ya dafe goshi. "Kashin biri, a asibitin mutane? Korata kike so a yi?" Amma ya ɗauko makulli ya buɗe mata ƙaramin ɗakin baya inda ake jibge tsofaffin kaya. Madubinta na da yana nan a ƙarƙashin leda, da tabon da ta yi masa a gindi. Ta goge shi da gefen mayafi.

Hannunta bai manta ba, ko da yake yatsun sun lanƙwashe. Ɗigon ruwan gishiri a wannan gefen gilashin, ɗigon aidin a wancan, a taɓo kaɗan da bakin tsinke, a motsa, a rufe da siririn gilashi. Na Ɗigo ta fara. Ba ta sha wahalar nema ba. Ga su nan, 'yan mitsi-mitsi, suna jujjuyawa a cikin ruwan kamar busasshen ganye yana faɗowa daga itace. Wadda ta tsaya cak sai ta kalle ta da manyan idanu biyu, kamar fuskar mai tabarau. Jiyadiya, ƙwayar da ke mannewa a bangon hanji ta hana yaro amfana da abin da ya ci.

Ɗan Gaggawa ya leƙa. "Ga mutuniyar. Kin san muna ɗalibai sunanki muka sa mata? Saboda tabaran."

"Na sani. Na kuma san wanda ya fara."

Ta ɗauko na babban namijin. Nan kuwa kasuwa ce. Ƙwan tsutsa iri-iri. Wasu ƙwayoyi zagayayyu da suka naɗe kansu cikin ɓawo suna barci. Wata ƙatuwa mai gashi-gashi ta ratso fili tana juyi kamar ganga a cikin ruwa. Ɗan Gaggawa ya leƙa ya yi fito.

"Malama, ashe mutanen unguwarki ba su yi ƙarya ba. Dubi wannan ƙazanta."

"Har yanzu ba ka daina ba? Ka leƙa ka yanke hukunci? Koma ka dubi zagayayyun nan a gefen aidin. Ido nawa ke cikin kowace?"

Ya sake sunkuyawa, ya murza. "Ɗaya."

"Amibar birai ke nan, a gidanta take, ba ruwanta da kowa. Wace dabbar daji ce ba ta yawo da baƙi a hanjinta? Gafiya da nata, zomo da nasa, jemage da nasa, yawancinsu ma zaman lafiya suke yi da mai gida. Ba tambaya nake ko cikin biri tsaf yake ba. Tambaya nake, akwai ta yarinyata a ciki?"

Babu. Ba ta cikin na mai goyo, ba ta cikin na mai guntun wutsiya. Na ɗan ramammen nan ta bari a ƙarshe. Masu gashi-gashin nan ne suka yi masa yawa, cunkus, suna ture juna. Su ke kayar da shi, bawan Allah. Ta bi gilashin lungu-lungu, layi bayan layi, ta sake haɗa wani daga roba ta biyu, ta sake bi har idonta ya fara ruwa. Ba fuska mai tabarau, ba ɓawonta.

Ta ɗago ta buga benci. "Ka gani? Ka gani ko? Za a kashe garke guda, za a ɗauke min jika, a kan maganar da ba wanda ya durƙusa ya ɗiba!"

"'Yan kaɗan kika ɗiba, Malama, ba garken duka ba. Ke kika koya mana: ban gani ba daban, babu daban."

Ta harare shi. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. "Na sani. To a ce ma wani a cikinsu yana da ita. Ta ina za ta shiga bakin yarinyar da ba ta fita ko tsakar gida, ruwanta tafasasshe?"

"Shi nake tunani." Ya jingina da ƙofa. "An yi mata magani ta warke. Ta bar gidan ta zauna lafiya. Ta dawo abin ya dawo. Wa ke ba ta abinci?"

"Ni."

"Ina take kwana?"

"A bayana. Me kake nufi?"

"Kin ce likita ya ba gidan duka magani. Kowa ya sha?"

"Uwar ta sha, uban ya sha, mai aiki ta sha."

"Ke fa, Malama?"

"Ni ban taɓa shan magani don wani ya yi zawo ba," in ji Malama. "Lafiyata ƙalau. Cikina ko ƙugi ba ya yi. Wannan rabon ƙwayoyi gida-gida kamar alewa aikin likitan da ya ji ƙyuyar dubawa ne. Ba na kashe abin da ban gani ba."

"To an duba ki?"

"Ɗan Gaggawa, ka shiga hankalinka."

"Ke ce kika tsaya a gaban allo, da alli a hannu, kika ce mana wanda ya fi yaɗa jiyadiya shi ne wanda ba ta kayar ba. Har kika ce duk wanda ya manta a jarrabawa…"

"Ni? Ni da na koya wa rabin asibitin nan wanke hannu? Ni za ka duba ka ce ina ɗura wa jikata ƙazanta? Lokacin da nake wanka da sabulu sau biyu, kai majina ke zuba a hancinka!"

Ya miƙa hannu kan kantar kaya, ya ɗauko sabuwar roba mai jan murfi, ya ajiye a gabanta.

"Ba ka da kunya."

"A gaban madubi, a'a. A wurinki na koya."

Ta fizgi robar. Ba don komai ba sai don ta rufe masa baki, ta sa shi ya durƙusa a gaban ma'aikatansa.

Sai dai jiki ba ya karɓar umarni, ko daga Malama. Dole ta zauna a dogon bencin waje tare da masu jiran awo, kowa da 'yar robarsa a ɓoye cikin tafi. Ta aika aka sayo mata shayi mai zafi. Wata mai shara ta gane ta, ta russuna ta gaishe ta da ƙarfi, "Malama, ke ma jikin ne?" Duk bencin ya juyo. Ta ce lafiya lau, da muryar da ta sa matar ta ja tsintsiyarta ta yi gaba.

Tana zaune ba abin yi sai ta tsinci kanta tana kallon hannuwanta a jikin kofin. Tun da sanyin ƙashi ya kama yatsun, murza sabulu ya zama azaba, musamman da safe, da ruwan sanyi. Takan ɗauraye ne ta yarfe. Tun yaushe? Ga kuma farcen babban yatsa da ta bari ya yi tsawo don ya fi wuƙa iya shiga ɓawon lemo. Takan tsaga, ta cire 'ya'yan da shi, ta sa wa Ɗigo a baki ɗaya bayan ɗaya. Ta yi tsaki ta tura hannun ƙarƙashin mayafi.

Da abin ya samu ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ita ta ɗiga ruwan gishirin, ita ta ɗiga aidin, ita ta rufe ƙofa. Ta gyara tabarau, ta murza.

Ba sa motsi, don a jikin mai lafiya ba su cika fitowa da fuskarsu ba. A cikin ɓawo suke fitowa, dogaye kaɗan kamar ƙwai, aidin ya rina su ruwan ƙasa, kowanne da siririn layi a tsakiya. Irin da ke iya zama a tafin hannu, a ƙarƙashin farce, su jira. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sun cika fili kamar an watsa shinkafa.

Ta ce gilashin ne bai wanku ba. Ta fasa sabon kwali, ta ɗauki sabon tsinke, ta sake haɗawa. Suna nan.

Ba ta san lokacin da Ɗan Gaggawa ya turo ƙofa ba. Ya dubi fuskarta, bai nemi ya leƙa madubin ba.

"Madubi ba ya faɗin wa ya ba wa, Malama. Wataƙila ita ta fara ɗauko ta a makaranta ta shafa miki."

"Kada ka lallashe ni. Ko wa ya fara, an wanke yarinya, an wanke uwa da uba da mai aiki. Mutum ɗaya ne ya jefa nasa a aljihun tebur."

"Daga bakina ba wanda zai ji. Ki sha maganin shiru, a sake ba yarinyar nata, magana ta mutu."

Ta tattara robobin ta zuba a bokitin ƙonawa, ta rufe madubin da ledarsa. A bakin famfo ta tsaya ta murza sabulu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, yadda ta koya wa rabin asibitin, har zafin gaɓoɓin ya sa ta cije leɓe. Ba ta yi masa sallama ba.

A hanyar komawa maganarsa ta yi ta cin ta. A sha shiru. To sai me? Su kwashe kaya ƙarshen wata, Ɗigo ta warke a saman bene, kowa ya ce kun gani, da ma birai ne. A watsa masara. Mai haki ta zama likita. In kuwa ta buɗe baki, Maman Ɗigo ce za ta ji, yarinyar da ta shafe watanni tana ce wa ba ta san komai ba sai latsa waya. Ta san irin kallon da za a yi mata. Wataƙila ba za a sake barin ta ta taɓa kwanon yarinyar ba. Wataƙila ma tashin ya matso, ba sai ƙarshen wata ba. Ta ji haushin likitan da bai duba ba amma ya yi daidai. Ta ji haushin Ɗan Gaggawa, da mai haki, da biran da suka ƙi ɗaukar laifi. Kwandasta ya tambaye ta inda za ta sauka, ta daka masa tsawar da bai san dalilinta ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso. Mai gadi na tsaye a bakin ƙofar gida, hula a hannu.

"Malama, na ce bari in ji. Shugaba ya aiko sau biyu. In jiƙa ko kada in jiƙa?"

"Shigo."

A falo an fara haɗa kwalaye. Baban Ɗigo yana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Ɗigo ta sauko daga kujera, lemo a hannu, ta taho da ɗan gudunta mai tangaɗi.

"Kaka! Kin gan shi? Ɓare min."

Malama ta mayar da hannuwanta baya.

"Kai wa mamanki, ƙawata."

Yarinyar ta tsaya da lemon a sama, tana duban ta. Malama ta kewaye ta ta shige ɗaki. Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko kwalin maganin nan, ta dawo ta ajiye shi a kan teburin cin abinci. Maman Ɗigo ta dubi kwalin, ta ga ba a ko yage bakinsa ba, ta ɗago a hankali.

"Ina wayar taki?" in ji Malama. "Kunna wurin ɗaukar murya. Duk inda wancan saƙon ya shiga, wannan ma ki tura shi."

"Mama…" in ji Baban Ɗigo.

"Kai kuma yi min shiru."

Maman Ɗigo ta latsa, ta miƙo wayar. Malama ba ta karɓa ba. Ta sunkuya kanta, hannuwa a baya.

"Ni ce Malama, ta gidan ƙarshe a gindin dutse, wadda ta yi aiki a ɗakin gwajin asibiti. Yau na ɗebi kashin birai da hannuna na duba a madubi. Suna da nasu ƙwayoyin, amma ban ga cutar jikata a cikin waɗanda na duba ba. Na sauran yaran unguwa ban duba ba. Cutar jikata sunanta jiyadiya. Na duba nawa, na same ta cike. Ba ta sa ni ciwo ba. Ni ke ba yarinyar abinci da hannuna, kuma ni kaɗai ce a gidan nan ban sha maganin ba."